Tambaya: Mene ne haɗin fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin tsayar da jini a ciwon zuciya?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina roƙon 'yan'uwa masu ilimin aikin asibiti da ke cikin wannan zaure su taimaka mini da bayani a kan wani al'amari da ya ɗaure mini kai, har ma ya jawo gardama a gidanmu.

Mahaifinmu yana da shekara 63, kuma ya shafe fiye da shekara 30 yana harkar shanu a nan Agege. Makonni biyar da suka wuce, bayan sallar asuba, ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, zufa tana karyo masa, ciwon kuma yana sauka ta hannun hagu. Allah Ya sa muka kai shi asibiti da wuri, aka tarar ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ta toshe, aka buɗe ta, aka sa masa wani ɗan ƙarfe mai kama da raga domin kada ta sake rufewa. An sallame shi da magunguna da dama, ciki har da asfirin da kilofidogirel, waɗanda aka gargaɗe mu kada ya tsallake su ko da kwana ɗaya.

Da hankali ya kwanta na zauna na duba takardun gwajin jininsa, sai na ga abubuwa biyu da suka kasa daidaita a kaina. A rana ta biyu da kwantar da shi, fararen ƙwayoyin jininsa sun kai 13,800, an kuma yi wa wurin alamar cewa ya yi yawa. Su kuwa ƙwayoyin tsayar da jini, waɗanda aka rubuta da sunan filatilet, 260,000 ne, babu wata alama a kansu. To, idan waɗanda suka yi yawa su ne fararen ƙwayoyi, me ya sa magunguna biyu aka tanadar wa waɗanda lissafinsu yake daidai, su kuwa waɗanda suka hau ba a ba shi komai dominsu ba? Ƙanin mahaifinmu ya dage cewa hawan fararen ƙwayoyi alamar ƙwayar cuta ce, don haka a saya masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis. Gwaggonmu kuma tana tsoron magungunan nan biyu za su mayar da jininsa ruwa. Likitan da ya duba shi ya ce mini a tsaitsaye wai ƙwayoyin nan iri biyu tare suke aiki a wannan cuta, amma layin marasa lafiya ya yi tsawo, ban samu damar neman ƙarin bayani ba. Wane irin aiki ne suke yi tare?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Idi-Araba, ta amsa:

Wa'alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni aikina ƙirga waɗannan ƙwayoyi ne kullum, saboda haka zan tsaya a kan takardar gwajin, sauran in bar wa likitoci.

A cikin jinin da bai kai girman ƙwayar gero ba, wato maikrolita ɗaya, mai lafiya yakan samu filatilet 150,000 zuwa 450,000, da fararen ƙwayoyi kimanin 4,000 zuwa 11,000. Abin da injinmu ke faɗa shi ne yawansu kawai, ba ya faɗin halin da suke ciki. Filatilet tana yawo a cikin jini a kwance, sumul kamar ƙaramin faifai, ba ta manne wa komai. Da zarar ta ci karo da rauni a bangon jijiya sai ta sauya kama, ta fitar da ƙafafu, ta zama mai danƙo, ta zubar da sinadaran da ke kiran 'yan'uwanta. Mutum biyu za su iya samun 260,000 daidai wa daida, na ɗaya nasa a kwance suke, na ɗayan kuma a harzuƙe, takardarmu kuwa ba za ta bambance su ba. Magungunan da aka ba Baba ba su rage yawan filatilet, kwantar musu da hankali suke yi. Maganar da mutane ke yi cewa suna tsinka jini ma kuskuren fahimta ce, domin kaurin jinin yana nan yadda yake, danƙon ƙwayoyin ne ke raguwa. Wannan ya kamata a faɗa wa Gwaggo.

Hawan fararen ƙwayoyi bayan bugun zuciya kuwa abu ne sananne. Idan wani sashe na naman zuciya ya rasa jini ya mutu, jiki yakan aika fararen ƙwayoyi su kwashe mataccen naman, kamar yadda yake yi a kowane irin rauni. Lissafin yakan fara hawa cikin sa'o'i kaɗan, ya kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na huɗu, sau da yawa tsakanin 12,000 da 15,000, sannan ya sauka cikin kimanin mako ɗaya. Adadin da ka kawo ya faɗa cikin wannan tsari. Ban ce mai ciwon zuciya ba ya kamuwa da ƙwayar cuta ba, amma likita ba ya yanke wannan hukunci da lamba ɗaya, sai ya haɗa da zazzaɓi, da tari, da fitsari, da sauran alamu. Ka roƙi Baffa ya bar maganar kemis.

Game da haɗuwarsu, akwai wani gwaji da masu bincike ke yi da na'urar da ke jera ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya tana haska su da hasken leza. Da ita ake ganin filatilet manne a jikin farar ƙwaya suna yawo tare a cikin jini, kuma an daɗe da lura cewa irin wannan goyo ya fi yawa a jinin masu ciwon jijiyoyin zuciya, musamman a lokacin bugun. Ba gwajin yau da kullum ba ne, don haka kada ka je kana nemansa a ɗakunan gwaji na unguwa.

Likita, Ikeja, ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Malama ta share mini hanya, ina kuma goyon bayan duk abin da ta faɗa. Ban ga Baba ba, saboda haka abin da zan rubuta bayani ne na gaba ɗaya, hukunci yana hannun likitan da ke duba shi.

Yawancin mutane suna ɗaukar toshewar jijiyar zuciya kamar toshewar kwata a lokacin damina, wato shara tana taruwa sannu a hankali har ruwa ya rasa hanya. Wannan hoto yana da sauƙin fahimta, amma ya bar mafi muhimmancin labarin a waje. Kitsen da ke lalata jijiyar ba a cikin hanyar jinin yake taruwa ba, a cikin bangon jijiyar yake shiga, abin da yake haifarwa kuma ya fi kama da maruru fiye da tarin shara. Tun a 1913 wani masani ɗan Rasha mai suna Nikolai Anichkov ya nuna cewa ciyar da zomaye kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke yawo a jini, yana lalata musu jijiyoyi, amma sai a ƙarshen ƙarnin, musamman bayan rubutun Russell Ross na Amurka a 1999, likitoci suka haɗu a kan cewa wannan cuta kumburi ce da garkuwar jiki ke da hannu a cikinta tun daga farko har ƙarshe.

Ga yadda abin yake tafiya. Cikin jijiya yana da wata shimfiɗa siririya mai santsi wadda ke hana komai mannewa. Hawan jini, da ciwon suga, da hayaƙin taba, da yawan mugun kolestarol suna ƙuje wannan shimfiɗa. Su kuwa filatilet, saboda ƙanƙantarsu, jajayen ƙwayoyi sukan mamaye tsakiyar hanya su tura su gefe, kamar yadda manyan motoci ke tura masu babur bakin titi, don haka su ne na farko da ke gogar bango su gane inda ya sami matsala. Idan suka taɓa wurin suka harzuƙa, sai su fito da wani ƙugiya a bayansu mai suna Fi-selektin. Fararen ƙwayoyi kuma suna ɗauke da abin da wannan ƙugiya ke kamawa, wanda ake kira PSGL-1. Farar ƙwayar da da za ta wuce da gudu sai ta saƙale, ta rage sauri, ta yi ta mirginawa a kan bango har ta tsaya, sannan wasu ƙugiyoyin da suka fi ƙarfi su riƙe ta. Filatilet ba ta tsaya nan ba, tana shafa wa bangon wasu sinadarai da ke zama kamar ƙamshin da ke jan fararen ƙwayoyi zuwa wurin.

Nau'in farar ƙwayar da ta fi shiga wannan tarko ita ce monosait. Takan kutsa cikin bangon, ta rikiɗe ta zama babbar ƙwaya mai haɗiye abubuwa, ta yi ta cin kitsen da ya maƙale da niyyar share shi, har ta cika ta yi kamar kumfa, daga bisani ta mutu a wurin. Gawarwakin waɗannan ƙwayoyi da kitsen da suka ci su ne ruwan marurun, jiki kuma yakan rufe shi da wani murfi mai ƙarfi. Mutum zai iya ɗaukar shekara 20 ko 30 da irin wannan a jijiyarsa bai sani ba. Haɗarin shi ne fararen ƙwayoyin da ke cikin marurun suna fitar da sinadaran da ke cinye murfin, yana ta yin siriri, har ranar da zai tsage.

Daga nan abin da ya ɗauki shekaru yana ginuwa yakan ƙare cikin mintuna. Filatilet sukan ga tsagewar a matsayin rauni, su taru a kai domin su toshe shi, wanda shi ne aikin da aka halicce su dominsa, kuma da a yatsa ne da sun ceci mutum daga zubar jini. Amma jijiyar zuciya faɗinta bai wuce milimita uku ko huɗu ba, facin da suka yi sai ya rufe hanyar gaba ɗaya. A wannan lokaci fararen ƙwayoyi ne ke rama wa filatilet taimakon da suka yi musu. Monosait da filatilet ta manne wa takan fitar da sinadarin da ke kunna daskarewar jini, a sami zaren da ke ɗaure gudan. Wata farar ƙwayar kuma, nutrofil, wadda ita ce mafi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jinin yawancin manya, takan yi wani abin mamaki da masu bincike a Balin ta Jamus suka bayyana a 2004: takan amayar da zaren da ke cikin cibiyarta ya bazu kamar komar masunta. Asalin amfanin komar kama ƙwayoyin cuta ne, amma filatilet da ta harzuƙa tana iya sa nutrofil ta jefa ta a inda babu ƙwayar cuta ko ɗaya, sai ta kama ƙarin filatilet da jajayen ƙwayoyi, gudan jinin ya ƙara girma da tauri. An sha samun wannan koma a cikin gudajen jinin da aka zaro daga jijiyoyin masu bugun zuciya.

Kowanne yana zuga ɗan'uwansa ke nan, ka ga kuwa idan aka kwantar da ɗaya an rage wa ɗayan ƙarfi. Asfirin yana toshe wani sinadari da filatilet ke amfani da shi wajen kiran 'yan'uwanta, abin da John Vane na Ingila ya gano tushensa a 1971, ya kuma sami kyautar Nobel a 1982. Kilofidogirel yana toshe wata ƙofar daban, kuma bincike ya nuna ya fi asfirin rage fitowar ƙugiyar nan da goyon da Malama ta ambata. Saboda haka amsar tambayarka ita ce ba a manta da fararen ƙwayoyin Baba ba. Ta hanyar filatilet aka bi aka rage musu zuga, na kuma tabbata a cikin ledar magungunansa akwai sitatin, wanda bayan rage kolestarol yana rage kumburin bangon jijiya.

Abu ɗaya nake so ka riƙe da kyau. Ɗan ƙarfen da aka sa masa baƙo ne a wurin filatilet, kuma har sai shimfiɗar jijiya ta tsiro ta lulluɓe shi, suna ganinsa a matsayin wurin da ya kamata su taru. Wannan ne dalilin da ya sa galibi ake haɗa magungunan biyu har wata 12 bayan bugun zuciya, kafin likita ya duba ko za a rage ɗaya.

Mai harhaɗa magunguna, Obalende, ya amsa:

Assalamu alaikum. Likita ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya wuce wani wuri da sauri, wato batun ko akwai maganin da ke fuskantar fararen ƙwayoyin kai tsaye. Akwai, kuma an gwada.

A 2017 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna CANTOS, wanda ya ƙunshi mutum 10,061 da suka taɓa yin bugun zuciya kuma jininsu yana nuna alamar kumburi. An yi musu allurar kanakinumab, wadda ke toshe ɗaya daga cikin saƙonnin da fararen ƙwayoyi ke aika wa juna. Kolestarol ɗinsu bai sauka ba, amma a rukunin da aka ba miligiram 150 haɗarin sake bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwa ta dalilin zuciya ya ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Wannan ya tabbatar da cewa kumburin kansa yana cikin masu laifi. Matsalar ita ce waɗanda suka mutu sakamakon ƙwayoyin cuta sun fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa allurar, ga kuma tsadar da ta fi ƙarfin talaka.

Daga baya aka koma kan kolcisin, tsohon maganin ciwon gaɓoɓi na gawut mai araha, wanda ke rage wa nutrofil kuzari. Gwajin COLCOT na 2019, mai mutum 4,745, ya nuna ragin kimanin kashi 23 cikin ɗari da rabin miligiram a rana, wani gwajin na 2020 mai mutum 5,522 ya nuna ragin kashi 31, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi domin wannan aiki a 2023. A ra'ayina ya dace ɗan'uwanmu ya tambayi likitan Baba ko ya cancanci a ƙara masa.

Ina kuma da gargaɗi daga abin da nake gani a kanta. Mai shan asfirin da kilofidogirel ya guji magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, da haɗin nan da ake ƙulla wa mutane a leda ba tare da suna ba, domin suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, ibufurofen ma yana iya tare wa asfirin wurin da yake aiki. Idan yana da olsa, a gaya wa likita, domin omefurazol da kowa ke saye yana iya rage ƙarfin kilofidogirel, akwai kuma waninsa da ake zaɓa.

Likita, Ikeja, ya sake amsawa:

Na gode wa abokin aiki, gargaɗinsa na ƙarshe kuwa ya fi duk abin da na rubuta amfani ga mai jinya a gida. A kan kolcisin ne nake da ja. Alƙaluman da ya kawo daidai ne, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin a 2024 an fitar da wani gwajin da ya fi waɗancan biyu girma, mai mutum sama da 7,000 da suka yi bugun zuciya aka buɗe musu jijiya, kuma bai nuna wani amfani ba. Kafin wannan ma an gwada metotirekset, wanda shi ma maganin kumburi ne, bai rage komai ba. Abin da na fahimta daga waɗannan sakamako masu karo da juna shi ne fararen ƙwayoyi ba abokan gaba ba ne da za a yi musu kuɗin goro. Waɗanda suka cinye murfin marurun, 'yan'uwansu ne ke kwashe mataccen naman zuciya su share wa tabo wuri, su ne kuma ke tsare mutum daga ciwon huhu da tarin fuka. Wanda ya danne su ba bisa ƙa'ida ba yana iya rasa ido garin gyaran gira. Kolcisin yana kawo gudawa, yana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda, kuma haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kilaritiromaisin yana da haɗari ƙwarai, wanda wannan ma wani dalili ne na hana Baffa zuwa kemis. Tambayar likita a kansa ba laifi ba ne, sayensa da kai ne ban yarda da shi ba.

Dattijo daga Mile 12 ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ɗana, ina yi wa mahaifinka sannu, Allah Ya tashi kafaɗunsa. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ɗan kasuwar gwari ne, amma shekara huɗu ke nan da aka sa mini irin wannan ƙarfe, kuma na yi kuskuren da ba na so wani ya maimaita.

Wata uku bayan aikin na ji ƙarfi ya dawo, na kuma lura cewa ko asuwaki na yi dasashina yana jini, ɗan ƙaramin bugu kuma sai wurin ya yi baƙi. Na yanke wa kaina hukuncin cewa maganin ya yi mini yawa, na ajiye kilofidogirel ban gaya wa kowa ba, har na sa wanzami ya yi mini ƙaho domin a fitar da abin da nake kira mataccen jini. Ban cika mako biyu ba ciwon ƙirjin ya dawo, ya same ni a tsakiyar kasuwa ana sauke tumatir, kuma da cunkoson hanyar Ikorodu ya riƙe mu fiye da yadda ya yi a ranar, da wani ne ke ba da wannan labari. An ce mini gudan jini ne ya taru a kan ƙarfen. Sai yau da na karanta bayanin Likita na gane dalilin da ya sa abin ya zo da sauri haka.

Ina da tambaya ga masana, tunda azumi yana zuwa kowace shekara kuma mu tsofaffi ba ma son barinsa: idan an jinkirta shan maganin daga safe zuwa buɗa-baki, ƙwayoyin nan ba za su farka a tsakani ba?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Idi-Araba, ta sake amsawa:

Baba Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Labarinku ya yi daidai da lissafin rayuwar filatilet. Ita ba cikakkiyar ƙwaya ba ce, ɓalli ce daga wata ƙatuwar ƙwaya da ke zaune a cikin ɓargo, ba ta da cibiyar da ke ba ƙwaya umarnin ƙera abin da take buƙata, don haka abin da asfirin ko kilofidogirel ya toshe a jikinta ba ta iya sake ƙera shi har ta mutu. Rayuwarta kwana 7 zuwa 10 ce, ɓargo kuma yana sauya kimanin kashi ɗaya cikin goma kowace rana. Wanda ya daina shan magani, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma kusan duk filatilet ɗinsa sababbi ne da magani bai taɓa ba, ga kuma ƙarfe yana jiransu. Wannan lissafin ne kuma ke amsa tambayar azumi: tunda sau ɗaya ake shan waɗannan biyun a rana kuma aikinsu yana daɗewa, mayar da su lokacin buɗa-baki ba ya barin giɓi. Wanda aka ba tikagirelo a madadin kilofidogirel lamarinsa daban ne, domin sau biyu ake shansa kuma aikinsa yana saurin gushewa. Ko mutum zai iya azumin ma baki ɗaya, musamman wanda bugun zuciyarsa bai daɗe ba kamar mahaifin mai tambaya, wannan sai likitansa ya duba. Ƙaho, da cire haƙori, da duk abin da zai fitar da jini, a sanar da likitan zuciya tukuna.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu a nan waɗanda littattafan Turai ba su cika damuwa da su ba. Zazzaɓin cizon sauro yana saukar da yawan filatilet, wani lokaci sosai, saboda haka mai shan magungunan nan biyu idan zazzaɓi ya kama shi ya je a gwada jininsa, kada ya tsaya jinyar kansa a gida. Ciwo mai zafi irin wannan yana harzuƙa fararen ƙwayoyi da filatilet a lokaci guda, an kuma nuna a Kanada a 2018 cewa haɗarin bugun zuciya yakan ninka kusan sau shida a makon farko na mura mai tsanani ta infuluwenza. Na biyu, yawancin mutanen Afirka ta Yamma suna da wani gado a jini da ke sa adadin nutrofil ɗinsu ya zauna ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba. Saboda haka idan aka sake gwada Baba aka ga fararen ƙwayoyinsa sun sauko har kusa da 4,000, kada a firgita a ce magani ya cinye masa jini, mai yiwuwa asalin ma'auninsa ke nan.

Ɗan Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ƙara wa Baba Alhaji lafiya. Na karanta wa Baffa da Gwaggo amsoshinku jiya da daddare. Baffa ya janye maganar maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da yake ya ce shi dai a sake gwajin ya gani da idonsa, na kuma ga wannan ba laifi ba ne tunda ranar Talata za mu koma asibiti. Da na bincika ɗakin Baba na tarar da dikulofenak da yake sha saboda ciwon gwiwa, wanda babu wanda ya ambata wa likita a cikinmu, na ɗauke shi zan tafi da shi ranar. Saura taba, wadda ya ce ya rage zuwa kara biyu a rana. Likita, shin kara biyun ma suna tayar da ƙwayoyin nan, ko sai an sha da yawa?

Likita, Ikeja, ya amsa:

Suna tayar da su. Kara ɗaya ya isa ya harzuƙa filatilet cikin ɗan lokaci, kuma mashaya taba fararen ƙwayoyinsu sun fi na waɗanda ba su sha yawa. Haɗarin taba ga jijiyoyin zuciya ba ya sauka daidai da yawan karan da aka rage, domin an ƙiyasta cewa mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin mai shan kara 20. Ka faɗa wa likitansa ranar Talata domin a taimaka masa ya bari gaba ɗaya, ka kuma tafi da duk ledar magungunan, har da na gargajiya idan akwai. Idan ciwon ƙirjin ya dawo kafin ranar, ko ka ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, kada ku jira Talata, ku kira 112 ko 767, ko ku ɗauke shi zuwa asibiti nan take.